Rage Kalori da Ciwon Suga: Abin da Bincike Ya Gano, da Inda Wayarka Za Ta Taimaka

A yawancin gidajenmu yanzu, wanda ya fi iya waya shi ake nema idan wani abu ya taso. Kai ake miƙa wa wayar Baba idan WhatsApp ya ƙi buɗewa, kai kake tura wa Mama kuɗi ta manhajar banki. Ranar da aka dawo daga asibiti da takardar gwaji aka ce suga ya hau, kai ɗin dai za a kalla a ce, "Duba mana a intanet, me ake yi?"

Da ka duba kuwa sai abin ya yi maka yawa. Wannan yana tallar garin magani da ya ce yana kashe suga cikin kwana bakwai. Wancan yana nuna agogon hannu da ya ce yana auna suga ba tare da an huda yatsa ba. Wata kuma tana cewa a daina cin komai sai ƙwai da kokwamba. A cikin duk wannan hayaniya akwai magana ɗaya da manyan masu bincike suka shafe shekaru suna gwadawa a kan ɗaruruwan mutane: rage yawan kalorin da mutum ke ci har nauyinsa ya sauka yana iya sa ciwon suga nau'i na biyu ya lafa, wani lokaci har a ajiye magani. Maganar gaskiya ce, amma tana da sharuɗɗa, tana da haɗari ga wasu, kuma wahalarta ba a watan farko take ba, tana shekara ta biyu da ta uku.

Ciwon ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa manya miliyan 589 ne ke ɗauke da shi a shekarar 2024, kuma sama da kashi 90 cikin 100 nau'i na biyu ne. A rahotonta na 2021 ta ce fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Saboda haka ko da kai matashi ne mai jin ƙarfi, da wuya a ce babu wani naka da maganar ta shafa.

Mene ne kalori?

Kalori ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci ne, kamar yadda ake auna ƙarfin batirin waya da mAh. Kowane giram na sitaci ko sukari yana da kalori 4, giram na furotin yana da 4, giram na mai kuma yana da 9. Bambancin jiki da waya shi ne, idan batir ya cika caji ya tsaya, amma jiki ba ya mayar da rara. Ajiye ta yake yi a matsayin kitse.

Kitsen da ke ƙarƙashin fata ba shi ne babbar damuwa ba. Matsalar tana farawa idan ma'ajiyar ta cika, kitse ya fara taruwa a hanta da fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi wadda ke samar da insulin. Hanta mai kitse ba ta jin umarnin insulin sosai, sai ta riƙa zuba suga cikin jini ko ba a buƙata. Fankiriyas mai kitse kuma sai ƙwayoyinsa masu samar da insulin su yi sanyi. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle a Ingila ne ya tsara wannan bayani a 2008, sannan ya yi tambaya mai sauƙi: idan aka kwashe kitsen, gaɓoɓin za su farfaɗo?

Ba shi ne farkon wanda ya lura da alaƙar yunwa da suga ba. Lokacin da aka yi wa birnin Paris ƙawanya a 1870 abinci ya yi ƙaranci, likitan Faransa Apollinaire Bouchardat ya ga sugan da ke fita a fitsarin wasu majinyatansa ya ragu. Abin da Taylor ya samu wanda magabata ba su da shi shi ne na'urar MRI, wadda ke iya auna kitsen cikin hanta da fankiriyas ba tare da an fede mutum ba.

Daga mutum 11 zuwa mutum 306

A 2011 Taylor da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin farko. Mutum 11 masu ciwon suga nau'i na biyu suka koma cin kalori kusan 600 a rana na tsawon mako takwas. Cikin mako guda sugan safe, wanda ake aunawa kafin a ci komai, ya dawo daidai. Hoton MRI ya nuna kitsen hanta yana zubewa da sauri, na fankiriyas kuma yana bin baya a hankali.

Mutum 11 ba su isa a kafa hujja da su ba, shi ya sa aka shirya babban gwaji mai suna DiRECT, wanda Taylor ya jagoranta tare da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow. An ɗauki mutum 306 daga ƙananan asibitocin unguwa 49 a Scotland da arewa maso gabashin Ingila. Rabi suka ci gaba da kulawar da aka saba. Sauran rabin aka ɗora su a kan miya da abin sha na musamman masu kalori 825 zuwa 853 a rana na wata uku zuwa biyar, sannan aka dawo musu da abinci a hankali, ma'aikatan lafiya suna bibiyarsu.

Sakamakon ya fito a mujallar The Lancet a ƙarshen 2017. Bayan shekara ɗaya, ciwon ya lafa ga kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin, idan aka kwatanta da kashi 4 kacal a ɗaya ɓangaren. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda sakamakon ya bi nauyin da aka sauke sau da ƙafa. Waɗanda suka rage ƙasa da kilo 5, kashi 7 ne suka samu lafawa. Masu kilo 5 zuwa 10, kashi 34. Masu kilo 10 zuwa 15, kashi 57. Waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86.

An sake gwada irin wannan tsari a Ƙatar, a kan mutane 'yan asalin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka waɗanda ba su wuce shekara uku da kamuwa ba. A sakamakon da ya fito a 2020, kashi 61 ne suka samu lafawa bayan shekara guda. Hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta mayar da tsarin shiri na hukuma, ta fara shi a wasu yankuna a 2020, kuma ana iya bin sa ido da ido ko ta manhajar waya tare da mai horarwa.

Kula da kalmar da muke amfani da ita: lafawa. A 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin suga na Amurka da Turai suka amince da ma'anarta. Ana cewa ciwon ya lafa idan gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ya tsaya ƙasa da 6.5 bayan an yi aƙalla wata uku ba a shan maganin suga. Sun guji kalmar warkewa da gangan, domin ciwon yana dawowa idan kitsen ya dawo.

Inda gizo ke saƙa

Masu tallar "sirrin rabuwa da suga" a TikTok suna son lambar 46 da ta 86. Ba sa son ambaton abin da ya biyo baya. A shekara ta biyu ta gwajin DiRECT, masu lafawa sun sauko zuwa kashi 36. Da aka fitar da sakamakon shekara biyar a 2024, kashi 13 ne kawai na waɗanda aka ci gaba da tallafa wa suke cikin lafawa, kuma matsakaicin nauyin da suka iya riƙewa a ƙasa ya koma kusan kilo 6.

Wani babban bincike a Amurka mai suna Look AHEAD, wanda ya ɗauki mutum 5,145, ya bi hanya mai sauƙi: kalori 1,200 zuwa 1,800 a rana tare da motsa jiki. Kashi 11.5 ne suka samu lafawa a shekarar farko, a shekara ta huɗu kuma kashi 7.3. An dakatar da tsarin a 2012 saboda bai rage bugun zuciya da shanyewar jiki fiye da kulawar da aka saba ba, duk da cewa mahalarta sun amfana ta wasu fuskoki, kamar raguwar magungunan da suke sha da sauƙin motsi.

Me ya sa nauyin ke dawowa? Ba lalaci ba ne kawai. Jiki yana ɗaukar ramewa a matsayin barazana. Idan nauyi ya sauka, kuzarin da jiki ke ƙonawa yana hutawa yana raguwa, kamar yadda waya ke rage hasken fuska da dakatar da manhajojin baya idan batir ya yi ƙasa. A lokaci guda sinadaran da ke sa jin yunwa suna ƙaruwa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa shekara guda bayan rage nauyi waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke da ba. Wato mutum yana buƙatar abinci ƙasa da na da, amma yana jin yunwa fiye da da.

Mu kuma a nan akwai ƙarin nauyin al'umma. Idan dattijo ya sauke kilo goma, kafin ya kai masallaci mutum biyar sun tambaye shi, "Alhaji, lafiya kuwa? Ka rame." Teɓa har yanzu alamar hutu ce a idon mutane da yawa. A gidan biki kuma ƙin cin abinci kan zama abin magana. Wanda ba shi da goyon bayan iyalinsa yana iya komawa ruwa saboda kunya kaɗai.

Duk da haka ba a yi asara ba. Ko a shekara ta biyar, waɗanda suka bi tsarin DiRECT sun fi ɗaya ɓangaren ƙarancin munanan matsalolin lafiya. Kowace shekara da mutum ya yi da suga daidai, hutu ne ga idonsa, ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa. Sannan likitoci sun daɗe da sanin cewa rage ko da kashi 5 cikin 100 na nauyi yana gyara suga da hawan jini. Ga mai kilo 90, kilo huɗu da rabi ke nan.

Kalori 800 ba wasa ba ne

Kafin mu shiga maganar na'urori, ga abin da ya fi komai muhimmanci a wannan rubutu. Mahalarta DiRECT ba su bi tsarin don sun ga bidiyo ba. An tantance su: shekarunsu 20 zuwa 65, ba su wuce shekara shida da kamuwa ba, suna da ƙiba, ba sa allurar insulin. Abin shan da aka ba su an haɗa shi da furotin da bitamin da sauran abin da jiki ke buƙata. Ranar da suka fara, ma'aikatan lafiya ne suka dakatar musu da maganin suga da na hawan jini, suka ci gaba da auna su.

Wanda ke yin allurar insulin, ko yake shan glibenclamide, gliclazide ko glimepiride, idan ya yanke abinci bai gyara magani ba, sugansa na iya faɗuwa har ya suma. Alamomin su ne rawar jiki, gumi, bugun ƙirji, jiri da ruɗewa. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba shi sukari kamar giram 15, wato ƙananan cokali uku zuwa huɗu a ruwa, a sake aunawa bayan minti 15. Idan ya fita hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, asibiti za a nufa. Masu shan empagliflozin ko dapagliflozin kuma suna cikin wani haɗarin daban, domin tsananin rage abinci na iya sa jininsu ya yi tsami ko da sugan bai nuna ya hau ba.

Tsarin bai dace da mai ciwon suga nau'i na ɗaya ba, wanda rayuwarsa ta dogara da insulin. Bai dace da mai juna biyu ko mai shayarwa ba, haka yara, haka mai matsalar ƙoda ko zuciya sai da izinin likitansa. Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: a Afirka ana samun masu ciwon suga da yawa da ba su da ƙiba ko kaɗan. A 2025 IDF ta amince da wani nau'i da ta kira na biyar, wanda ke da alaƙa da rashin isasshen abinci tun yarinta. Sanya wa irin wannan mutum yunwa ƙara masa ciwo ne. Likita ne zai faɗi wane nau'i mutum yake da shi.

Ga masu azumin Ramadan ko na nafila, ƙa'idojin da IDF ta fitar tare da ƙawancen likitoci na DAR sun ce mai ciwon suga ya karya azumi idan sugansa ya yi ƙasa da 70 ko ya haura 300. A je wurin likita makonni kafin watan ya kama domin a gyara lokacin shan magani.

Ga yawancin mutane, hanyar da ta fi dacewa da rayuwarmu ita ce rage kalori 500 zuwa 750 daga abin da aka saba ci a rana, a kuma ɗore a kai. A nan ne waya da 'yan ƙananan na'urori ke da rawar takawa.

Sikelin kicin: na'urar da ba a yi mata talla

Idan za ka sayi abu ɗaya tak, sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Ido yana yaudara. Malmalar tuwo a gidanku ba ɗaya take da ta gidan maƙwabta ba, kuma "faranti ɗaya" na shinkafa na iya zama giram 200 ko giram 500. Dafaffiyar farar shinkafa tana da kalori kusan 130 a kowane giram 100, saboda haka bambancin waɗannan faranti biyu ya kusa kalori 400, kafin a zuba mai.

Ba sai an auna abinci har abada ba. Mako biyu sun isa ido ya koyi girman abin da ya kamata, daga nan a ware kwano ɗaya da ludayi ɗaya a matsayin ma'auni. Wannan yana nufin mai ciwon zai riƙa ci a nasa farantin maimakon haɗa tire da kowa, kuma gara a yi wa mutanen gida bayani tun farko don kada a ɗauka wariya ce.

Yi wannan lissafin ka gani. Ƙaramin cokalin sukari a shafe yana da kalori 16. Shayi sau biyu a rana da cokali uku-uku ya ba da 96. Kwalbar lemo mai rabin lita, irin mai sukari sosai, tana kaiwa kusan 200. Babban cokalin man gyaɗa ko manja yana da kusan 120, biyu sun zama 240. Jimilla ta haura 500, kuma ba a taɓa tuwon kowa ba tukuna.

Manhajar ƙirga kalori da matsalar tuwo

MyFitnessPal, Cronometer, Lose It! da Samsung Health duk suna ba ka damar rubuta abin da aka ci su tara maka lissafi. Amfaninsu na gaske shi ne suna hana mutum yaudarar kansa, domin ƙosai uku da aka ci a tsaye da soyayyar gyaɗar da aka watsa a baki a shago su ne ake mantawa da su. Gyaɗa kuwa tana da kalori sama da 550 a giram 100.

Matsalarsu ita ce ba don abincinmu aka gina su ba. Ka rubuta tuwon shinkafa, ɗan wake, fura ko masa, ko dai ba za ka samu ba, ko ka samu sakamako biyar da lambobi biyar, saboda a wasu manhajojin masu amfani ne ke shigar da bayanan ba tare da tantancewa ba. Mafita ita ce amfani da sashen haɗa girki. A auna kayan haɗin tun suna ɗanye, garin, man, waken, naman, a shigar, a faɗa wa manhajar mutum nawa tukunyar ta ciyar, sai a adana. Abincin gida bai cika wuce kala goma zuwa goma sha biyar da ake juyawa ba, don haka aikin mako ɗaya ne. Wanda ke son lambobi masu tushe ya nemi jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 2012 ta kuma sabunta da bugun 2019. Kyauta ne a intanet.

Sababbin manhajojin da ke ɗaukar hoton abinci su ƙiyasta kalori da fasahar AI suna da daɗin amfani, sai dai kyamara ba ta ganin man da ya nutse cikin miyar taushe, ba ta kuma san ko an zuba sukari a kunu ba. Ɗauki lambarsu a matsayin hasashe.

Manhajar za ta kuma karya wasu tatsuniyoyi. Acha, alkama, gero da dawa suna da amfaninsu, musamman idan ba a surfe su ba, amma kalorinsu bai yi nisa da na shinkafa da masara ba, saboda haka ba a cin su ba iyaka. Zuma ma sukari ce a wurin jini, babban cokali ɗaya yana da kalori sama da 60. Ga wanda ba ya son lissafi, akwai tsarin faranti: rabi ganye da kayan lambu irin su zogale, rama, alayyahu, kabeji da kuɓewa, kwata furotin kamar kifi, ƙwai, kaza ko awara, sauran kwatar kuma tuwo ko shinkafa.

Na'urar gwajin suga da sensar hannu

Na'urar huda yatsa ita ce har yanzu abin da yawancin gidaje za su iya saya. Kafin ka zaɓa, tambayi farashin tsinken gwajinta da ko ana samunsa a garinku, domin a nan kuɗin yake tafiya. Tsinken yana lalacewa da zafi da danshi, kada a bar shi cikin mota a watan Afrilu, a rufe robarsa bayan an ɗauka, a duba ranar ƙarewar aikinsa. Duba kuma ma'aunin da na'urar ke amfani da shi. Wasu suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma ana ninka na biyun sau 18 a samu na farkon. Wato 7 a wannan daidai take da 126 a wancan.

Dabarar da ta fi koyar da mutum ita ce gwaji biyu: kafin cin abinci, da awa biyu bayan an fara ci. A rubuta lambobin tare da hoton farantin a manhaja irin mySugr, ko ma a Google Sheets. Bayan wata guda za ku ga abincin da ke ɗaga sugan Baba da wanda ba ya ɗagawa, kuma likita zai samu abin dubawa maimakon "ai da sauƙi".

Sensar da ake mannawa a damtse, irin FreeStyle Libre na kamfanin Abbott da ya fara fita a Turai a 2014, ko na Dexcom, tana auna suga dare da rana ta tura wa waya ta NFC ko Bluetooth. Ta Libre tana yin kwana 14 a jiki. A ruwan da ke ƙarƙashin fata take awonta, shi ya sa takan yi jinkirin 'yan mintuna bayan jini, kuma idan lambarta ta saɓa da yadda mutum ke ji a tabbatar da huda yatsa. Tsadarta ta fi ƙarfin gidaje da yawa idan za a riƙa sauyawa kullum, amma ko sensa ɗaya ta mako biyu tana nuna abubuwa da yawa. Kafin ka saya, tabbatar wayar tana cikin jerin waɗanda manhajar ke aiki da su, kuma ana iya sauke manhajar a ƙasarku.

Wani abin lura: gwajin HbA1c na iya ba da lamba mara daidai ga mai sikila, mai ƙarancin jini, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. A faɗa wa likita tun kafin a ɗauki jinin.

Agogon da ke "auna suga"

Kasuwannin intanet cike suke da agogo da zobe masu araha da ke nuna lambar suga a fuska. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna suga ba tare da huda fata ba, ta ce kada a yi amfani da su. Apple Watch da Galaxy Watch ma ba sa aunawa da kansu, sai dai su nuna abin da sensar hannu ta turo. Mutum ya dogara da lambar ƙarya ya ƙara ko ya rage magani, ransa ya saka a caca.

Hatta agogo na gaske, kada ka yarda da lissafinsa na kalorin da aka ƙona. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada na'urorin hannu bakwai. Yawancinsu sun auna bugun zuciya da kyau, amma a lissafin kalori wadda ta fi kowa daidai ta kauce da kashi 27 cikin 100, ta ƙarshe kuma da kashi 93. Idan agogo ya ce an ƙona 400, wannan ba izinin ƙarin malmala ba ne. Yi amfani da shi wajen ƙirga taku da tunatar da tattaki na minti goma zuwa goma sha biyar bayan cin abinci, wanda ke taimakawa wajen rage hawan suga.

Sikelin tsayawa na gida ya wadatar, sau ɗaya a mako, da safe, a wuri ɗaya. Tef ɗin tela ma na'ura ce: shawarar hukumar NICE ta Birtaniya ita ce faɗin ƙugu ya kasance ƙasa da rabin tsayin mutum. Mai tsayin santimita 170 yana neman ƙugu ƙasa da 85.

Bayanan lafiya ma dukiya ne

Duk manhajar da ka saka wa nauyin Mama, sugarta da magungunanta, ta riƙe sirrin da ko dangi ba kowa ya sani ba. A 2018 masu kutse sun kwashi bayanan asusu kusan miliyan 150 na MyFitnessPal. Sauke manhaja daga Play Store ko App Store kawai, ka guji fayil ɗin APK da ake turawa a guruf. Yi amfani da kalmar sirri ta daban, ka hana manhajar shiga lambobin waya da wurin da kake idan aikinta bai buƙata ba. Kuma ka nemi izinin mai ciwon kafin ka tura takardar gwajinsa a guruf ɗin dangi.

Daga ina za a fara?

Fara da asibiti, da tambayoyi uku a rubuce a waya: wane nau'in suga ne, rage nauyi ya dace da shi ko bai dace ba, kuma me za a yi da magunguna idan an rage abinci. Idan asibitin yana da masanin abinci, a nemi ganinsa. Mako biyun farko kada a canza komai, a auna a rubuta kawai. Daga nan a cire abin sha mai sukari, a rage mai, a rage malmala a cike gurbin da ganye da furotin. A sa ƙararrawar magani da ta gwaji a waya. A koma gwajin HbA1c bayan wata uku.

A kuma yi shirin ranar da nauyi zai fara dawowa, domin zai gwada dawowa. Masu gwajin DiRECT sun tanadi tsarin gaggawa ga duk wanda ya ƙara sama da kilo 2, ba su jira ya ƙara goma ba. Ku ma ku sa taku iyakar, idan sikeli ya haura ta a koma awo da rubutu, a sanar da likita. Ko ciwon ya lafa, gwajin ido, ƙoda da ƙafa na shekara-shekara yana nan daram.

Abin da ya bambanta waɗanda suka ɗore a duk waɗannan bincike shi ne bibiya, wato wani yana tambayarsu yadda ake ciki wata bayan wata. A Ingila ma'aikaciyar jinya ce ko mai horarwa ta manhaja. A gidanku wataƙila kai ne. Idan Mama ta daina shan lemo, kada ka zauna gabanta da kwalba mai sanyi. Idan Baba zai fita tattaki bayan Isha, ka sa takalmi ka bi shi, wayar tana aljihu tana ƙirga takun ku biyun. Ciwon suga nau'i na biyu yana bin jini, don haka abin da kake koya saboda su yau, kai ma zai yi maka rana.